Makamashin Haidurojin: Me Zai Tsinana Wa Garinmu?

Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara



Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani al'amari da ake ta yayatawa a 'yan shekarun nan, wato makamashin haidurojin. Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da wuya a sami ɗayanmu mazauna birni wanda ba a bugo masa waya daga gida a kan kuɗin mai ba, ko dai na injin ban-ruwa, ko na injin niƙa, ko na janareton asibiti. Ana cikin wannan hali kuma sai ga hotunan bidiyo suna yawo a wayoyinmu, ana nuna janareto ko mota da aka ce da ruwa take aiki. Wasu daga cikin 'yan'uwa sun tambaye mu ko ƙungiya za ta sa kuɗinta a irin wannan na'ura. Tambaya ce mai kyau, kuma tun da kuɗin karo-karo ne na jama'a, ya dace a amsa ta a bainar jama'a.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Haidurojin wata iska ce marar launi, marar wari, wadda ta fi kowace iska rashin nauyi, kuma tana kama wuta nan take. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Cavendish ne ya fara tantance ta a shekarar 1766, daga baya kuma Antoine Lavoisier na Faransa ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi, wanda ma'anarsa ita ce "mai haifar da ruwa". Sunan ya dace da ita, domin idan aka ƙona haidurojin, wato ta haɗu da iskar oksijin da muke shaƙa, abin da ke fitowa shi ne zafi da ruwa, babu hayaƙi, babu baƙi. A cikin kowane kilo 9 na ruwan da ke randunanmu, kilo 1 haidurojin ne, sauran 8 oksijin.

To a nan ne muke roƙon jama'a su ba mu hankalinsu, domin duk sauran jawabin a kan wannan gaɓa ya rataya. Ruwa tokar haidurojin ne. Abin da ya riga ya ƙone ne, ya ba da zafinsa ya gama. Kowace uwa a ɗakin nan ta san ba a hura wuta da toka. Wanda yake son ya dawo da haidurojin daga cikin ruwa, dole ne ya biya ƙarfin da aka riga aka ci a wajen ƙonewar, har da ɗoriya. Saboda haka masana ba sa lissafa haidurojin cikin maɓuɓɓugan makamashi irin su rana da iska da kwal da ɗanyen mai. Matsayinta matsayin rumbu ne, kuma abin da aka zuba a rumbu shi ake ɗiba, sai dai ma a tarar gara da ɓera sun rage wani abu.

Hanyar zuba wannan rumbu ita ce tsaga ruwa da lantarki, kuma tsohuwar hanya ce. A shekarar 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka tsoma wayoyi biyu daga batir cikin ruwa a birnin Landan, suka ga kumfa tana tasowa a bakin kowace waya, haidurojin a ɗaya, oksijin a ɗaya. Na'urorin da masana'antu suka fi daɗewa suna amfani da su ba su yi nisa da wannan ba, illa dai ana zuba wa ruwan wani sinadari mai kaifi don lantarki ya ratsa shi da sauƙi, sinadarin kuwa ɗan'uwa ne ga ruwan tokar da kakanninmu mata ke tacewa idan za su dafa sabulu. Bayan shekara 39, a 1839, wani lauya ɗan Birtaniya mai sha'awar kimiyya, William Grove, ya juya aikin baya: ya haɗa iskokin biyu a hankali ba tare da harshen wuta ba, sai suka ba shi lantarki da ruwa. Wannan ita ce na'urar da za mu kira batir mai cin haidurojin. Bambancinsa da batirin da muka sani shi ne ba a yi masa caji, ana dai ba shi haidurojin, muddin kuwa ana ba shi, yana ba da wuta. Ya daɗe yana kwance a ɗakunan bincike, sai a 1959 Francis Bacon, wani injiniya a Ingila, ya ƙera wanda ke ba da kilowat 5. Irinsa ne kumbon Apollo ya ɗauka zuwa duniyar wata a 1969, kuma 'yan sama-jannatin da ke ciki ruwan da batirin ke fitarwa suka riƙa sha.

Yanzu sai mu yi lissafi irin na mai sayen yunit a mita. Kafin a sami kilo 1 na haidurojin daga ruwa, na'urorin yau suna shan yunit 50 zuwa 55 na lantarki. Ƙarfin da ke cikin kilon nan yunit 33 ne. Idan aka mayar da shi lantarki ta batir mai cin haidurojin, kimanin rabi ake samu, wato yunit 17 ko kusa da haka. An zuba 55, an ɗebi 17. Batirin litiyam kuwa, irin wanda ake haɗawa da faifan sola, idan aka zuba masa yunit 55 yana mayar da 45 ko fiye.

Wannan lissafi kaɗai ya isa amsa ga mai tallar janareton ruwa. Injin da zai tsaga ruwa da wutarsa, ya ƙona abin da ya tsaga, ya sake ba da wutar da za ta ci gaba da tsaga ruwan, sannan har ya rage wadda za a kunna fanka, daidai yake da ɗan kasuwar da ke sayen kaya a 55 ya sayar a 17, ya ce daga ribar yake ciyar da gida. Duk inda aka ga irin wannan inji yana aiki, to akwai ɓoyayyen batir ko ɓoyayyen tankin mai. Damfarar ma ba sabuwa ba ce. A Amurka wani mutum mai suna Stanley Meyer ya shekara da shekaru yana karɓar kuɗin masu zuba jari da sunan ya ƙera mota mai shan ruwa, har sai da wata kotu a jihar Ohayo ta yanke hukunci a 1996 cewa zamba ce tsagwaronta, ta umarce shi ya mayar da kuɗin mutane. Shawararmu ga ƙungiya ita ce kada ta ba da ko sisin kwabo a wannan hanya, kuma duk ɗan'uwan da aka kawo wa irin wannan talla ya nemi a bar masa injin ya kwana bakwai yana aiki a hannunsa, a buɗe, kafin a yi maganar ciniki.

Ko da an bar 'yan damfara a gefe, haidurojin na gaskiya ma yana da wuyar sha'ani. Idan aka auna da nauyi, kilo ɗaya nasa ya kusa ninka kilon fetur sau uku a ƙarfi, amma kilon nan idan ba a matse shi ba zai cika duro 55 na lita 200. Motar Toyota Mirai ta farko, wadda aka fara sayarwa a Japan a 2014, tana ɗaukar kilo 5 ne kawai ta yi tafiyar kusan kilomita 500, amma sai an danna iskar cikin tanki da matsin da ya ninka na tayar mota sau 300. Idan kuma ana son a mayar da ita ruwa-ruwa, sai an sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. Tana tsiyaya ta kafar da wata iska ba za ta iya bi ba, hanci ba ya jin ta, harshen wutarta kuma da ƙyar ido ke ganinsa da rana. Jamus, wadda ba ta rasa kuɗi ko injiniyoyi ba, ta fara jigilar fasinja da jirgin ƙasa mai amfani da haidurojin a jihar Lower Saxony a 2018, amma a 2023 hukumar sufurin jihar ta bayyana cewa jiragen da za ta ƙara saya masu batir ne, saboda sun fi arha wajen gudanarwa.

Saboda haka, a ganinmu, idan maganar hasken asibitin garinmu ake yi, ko firjin ajiye allurar rigakafi, faifan sola da batir mai kyau sun wadatar. Idan kuma maganar rijiyar burtsatse ce, to tankin da ke sama shi ne rumbun da ya fi kowane arha: rana ta tura ruwa sama da hantsi, mata su ɗiba da magariba.

Wani zai ce, to in haka ne, me ya sa manyan ƙasashe ke ta zuba dukiya a wannan bincike? Amsar tana cikin buhun da kowannenmu ke aika kuɗinsa gida da farkon damina. A shekarar 2023 duniya ta yi amfani da haidurojin da ya kai tan miliyan 97, kuma kusan dukansa a matatun mai da masana'antun taki da na sinadarai ya tafi. Takin yuriya daga amoniya ake yin sa, amoniya kuwa haɗin haidurojin ne da iskar naitirojin, wadda ita ce kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da ke kewaye da mu. Fritz Haber ne ya gano hanyar haɗa su a Jamus a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913. Naitirojin kyauta ne, yana ko'ina. Haidurojin shi ne mai tsada, kuma a yau mafi yawansa daga iskar gas da kwal ake fitar da shi. Kowane kilo da aka samu daga iskar gas yana sakin kimanin kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya, wanda aka samu ta hanya mai tsabta kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa farashin taki ke bin farashin gas sau da ƙafa, kamar yadda manomanmu suka ɗanɗana a 2022 lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashen da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Mun zauna mun lissafa abin da ke cikin buhu ɗaya na yuriya mai kilo 50. Ana bukatar amoniya kilo 28, wanda shi kuma ke bukatar haidurojin kilo 5. Idan daga ruwa za a samo shi, ana bukatar tataccen ruwa aƙalla lita 45, wato jarka biyu da ɗan ɗori, da lantarki kimanin yunit 275. Faifan sola guda mai wat 400, a ranar da muke da ita a arewa, yana ba da kusan yunit 2 a wuni, don haka sai ya yi fiye da wata huɗu yana aiki kafin ya biya haidurojin na buhu ɗaya. Faifai dubu kuwa za su biya na buhu bakwai kowace rana. Wannan lissafi bai haɗa da wutar da sauran injuna za su sha ba, amma ya nuna cewa abin ba tatsuniya ba ne. An ma taɓa yi: ƙasar Nowe ta yi shekaru da dama tana yin taki da haidurojin da ta tsaga daga ruwa da wutar madatsunta tun wajen 1929, haka ma Masar ta yi a Aswan daga 1960. Arhar iskar gas ce ta kori wannan hanya daga kasuwa, faɗuwar farashin faifan sola kuma ita ce ke neman dawo da ita.

A ƙasarmu masana'antun yuriya suna kudu, kusa da gas da tashar jiragen ruwa. Ta Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022, an gina ta ne don ta riƙa fitar da tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme. Gonakin da suka fi bukatar takin kuwa suna arewa, kuma kowane buhu sai ya hau tirela ya yi tafiyar kilomita kusan dubu ko fiye, manomi ne kuma ke biyan kuɗin gas ɗin tirelar. Abin da muke da shi a yalwace shi ne rana. Shi ya sa a duk rassan wannan bincike, wanda ya fi cancanta mu sa wa ido shi ne na ƙananan injunan amoniya da za a iya girkawa kusa da gona. Jami'ar Minnesota a Amurka ta fara gwada irinsu da wutar iska a 2013, kuma a 2023 an girka wani mai amfani da rana a wata gona kusa da Naibasha a ƙasar Kenya, wanda aka tsara ya riƙa ba da tan ɗaya a wuni.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Amoniya ba yuriya ba ce. Iska ce mai guba da ke ƙona ido da huhu, kuma a Amurka da tarakta ake cusa ta cikin ƙasa, wanda ba haka manominmu ke zuba taki ba. Mayar da ita ƙwayoyin yuriya yana bukatar iskar kabon da wata masana'anta ta daban. Bugu da ƙari, har yanzu haidurojin da aka tsaga daga ruwa ya ninka na iskar gas tsada sau biyu zuwa uku, wani wurin ma fiye. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa wa kanta buri a 2021 na sauko da farashinsa zuwa dala 1 kowane kilo cikin shekara goma, kuma ayyuka da yawa da aka yi shelarsu a ƙasashe daban-daban an ɗage su ko an soke su saboda rashin masu saye.

Abubuwan da masu bincike ke fama da su a yanzu sanannu ne. Sabbin na'urorin tsaga ruwa, waɗanda suka fi jure hawa da saukar wutar sola, suna bukatar ƙarafa biyu masu tsadar gaske, filatinam da iridiyam. Mafi yawansu daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, iridiyam kuwa abin da duniya ke samu a shekara bai kai tan 10 ba. Ana neman yadda za a rage su, ko a maye gurbinsu da nikel da baƙin ƙarfe. Ana neman tantanin da ke raba iskokin biyu ya daɗe bai lalace ba. Ana gwada tsaga tururi mai zafin digiri 700 zuwa 800, wanda ke rage shan lantarki. Sannan akwai tambayoyin da suka fi shafarmu, waɗanda ɗakin bincike na Turai ba lallai ya damu da su ba: yaya na'urar za ta yi da zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke rufe faifai, da ruwan rijiya mai gishiri wanda sai an tace shi tas kafin ya shiga na'ura? Kuma a garin da mata da yara ke layi a bakin famfo, wa za a fara ba ruwan? Waɗannan tambayoyi 'ya'yan wannan yanki ne suka fi dacewa su amsa su.

A nan ne ƙungiya take da abin yi wanda bai fi ƙarfinta ba. Mun lura cewa idan aka zo rabon tallafin karatu, hankalinmu ya fi karkata ga likitanci da lauyanci, yaron da ya sami gurbin karatun kimiyyar sinadarai kuwa sai a riƙa yi masa kallon wanda ya rasa abin da yake so. Muna roƙon a ware gurbi ko da biyu ne a kowace shekara ga masu karatun sinadarai da injiniyancin lantarki, maza da mata. Ƙofofin ci gaba suna nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. A 2021 kuma an buɗe wani shirin digiri na biyu a kan makamashi da haidurojin don ɗaliban Afirka ta Yamma da tallafin gwamnatin Jamus, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana cikin jami'o'i huɗu da suka karɓi baƙuncinsa. 'Yan'uwanmu da ke koyarwa a jami'o'i su taimaka su riƙa sanar da sakataren ƙungiya idan irin waɗannan dama suka fito, tun kafin wa'adi ya wuce.

Kafin jami'a kuma akwai sakandare. Gwajin da Nicholson da Carlisle suka yi, ɗalibin aji uku zai iya yin sa da ƙaramin batir mai bolt 9, da fensir biyu da aka fere ta kowane gefe, da kofin ruwa da aka jiƙa ɗan kanwa a ciki. Zai ga kumfa da idonsa, zai kuma ga ta gefe ɗaya ta fi ta ɗayan yawa. Yaron da ya yi wannan da hannunsa, ya auna yadda batirin ke mutuwa, ba mai sayar masa da janareton ruwa idan ya girma. Kuɗin gyara ɗakin gwaje-gwajen makarantar garinmu bai kai na bikin da yawancinmu muka halarta a bana ba, muna kuma fatan reshen da ya fi kowane yawan 'yan kasuwa zai ji wannan magana da kunnen basira.

Akwai wani labari daga maƙwabtanmu da ya kamata masu kula da aikin rijiyoyi su sani, domin ya ɗan saɓa wa abin da muka faɗa cewa haidurojin rumbu ne kawai. A 1987 ana haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, kimanin kilomita 60 daga Bamako. Ba a sami ruwa ba, sai wata iska ke fitowa daga ramin. Wani mutum ya leƙa da taba a bakinsa, iskar ta kama da wuta ta ƙone shi, aka toshe rijiyar aka bar ta shekaru da yawa. Da aka sake buɗe ta aka auna, sai aka tarar kusan kashi 98 cikin 100 na iskar haidurojin ne, wanda ƙasa da kanta take samarwa, mai yiwuwa idan ruwa ya haɗu da duwatsu masu ƙarfe a can ƙarƙashi. A 2012 aka haɗa rijiyar da janareto, ƙauyen ya sami wutar lantarki. Wannan rijiya ita ce ta sa kamfanoni suka bazama neman irin wannan haidurojin a Ostireliya da Amurka da Faransa, kodayake zuwa yanzu ba a kai ga fitar da shi da yawan da zai shiga kasuwa ba. Don haka muna ba kwamitin ayyuka shawara ya sa a cikin yarjejeniyar da yake yi da masu haƙa mana rijiya cewa duk ramin da aka ji iska na fita daga cikinsa, a nisantar da wuta da taba da yara, a rubuta zurfinsa da wurinsa, a kuma sanar da sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa kafin a toshe shi.

Mai girma shugaban taro, a nan za mu dakata don a ba masu tambaya dama.